Yadda Ake Sayen Jitar Lantarki ta Hannu Wadda Ba Ka San Kamfaninta Ba

Yawancin jitocin lantarki na hannu da ake samu a kasuwanninmu, ko a Alaba ta Legas, ko Sabon Garin Kano, ko shagunan kayan kiɗa na Jos da Kaduna da Yamai, ba na Fender ba ne, ba kuma na Gibson ba, wato shahararrun kamfanonin jita na Amurka. Suna ne za ka gani a kan jitar wanda ko intanet ka shiga da ƙyar ka samu layi biyu a kansa. Mai shago zai ce maka ta Jamus ce ko ta Japan, kai kuma ba ka da hujjar musu. Kada wannan ya hana ka saye, kada kuma ya sa ka yarda da duk abin da aka faɗa maka. Masana'antu ƙalilan ne ke ƙera jitocin sunaye masu ɗimbin yawa. Samick da Cort na Koriya ta Kudu sun daɗe suna yi wa wasu kamfanoni aiki, kowa ya manna sunansa. A Japan, masana'antar Matsumoku ta yi wa Aria da Westone da Epiphone jitoci kafin a rufe ta a 1987, FujiGen kuma ta yi wa Ibanez da Greco, daga 1982 har da Fender ta Japan. Don haka jitar da ba ka taɓa jin sunanta ba tana iya zama daga hannun ƙwararru ta fito, tana kuma iya zama tarkace. Jitar ce za ta gaya maka da kanta in ka san inda za ka duba, kuma wurin da ya fi ko'ina muhimmanci shi ne wuyanta. Kayan wuta na cikin jita kowane mai gyaran rediyo zai iya taɓa su. Wuyan da ya murɗe kuwa babu mai miƙar maka da shi a kuɗin da ya dace.

Abin da za ka riƙe kafin ka fita

Ka tafi da wayar jona jita wadda ka tabbatar tana aiki, mai kan milimita 6.35. Kada ka dogara da ta mai shago, domin in ƙara ta tashi za a ɗora wa waya laifi, kai kuma ba za ka iya tantancewa ba. Ka saka manhajar saita sautin tsirkiya a wayar salularka, akwai na kyauta da yawa. Ka ɗauki tocila, da katin ATM guda uku (tsofaffi sun isa), da tef na awo mai milimita, da ƙaramar sukuddireba, da alanki na milimita 4 da 5. In kana da kafo, wato matsewar nan da ake danne tsirkiyoyi da ita, ka haɗa da shi. In babu, yatsan abokin tafiyarka ya wadatar.

Mitar awon wuta irin ta masu gyaran rediyo tana da amfani sosai, ko aro ne ka yi. Sai amfilifaya, wato akwatin lasifika da ake jona jita a ciki don sautinta ya fito. Mafi kyau shi ne ƙarami mai aiki da batir, don ba ka da tabbacin za ka tarar da wuta a shagon, kuma ƙugin janareta yakan ruɗa gwaji. In ba ka da shi, ka tambaya tun a waya ko akwai wanda za a jona maka. Wanda ya ce babu amfilifaya, kuma bai yarda a kai jitar inda akwai ba, ka bar masa kayansa.

Ka kuma sayi sabon saitin tsirkiya, mai lamba 9 zuwa 42 ko 10 zuwa 46 (lambobin kaurin tsirkiyoyin ne, daga siririya zuwa mai kauri). Ko ba ka yi amfani da shi a wurin ba, za ka buƙace shi ranar da ka kai jitar gida. In akwai wanda ya fi ka iya kaɗawa, ka roƙe shi ya raka ka, kuɗin motarsa bai kai asarar da zai tsare maka ba.

1. Ka bincika asalinta daidai gwargwado

Juya jitar ka duba bayan kai, da ƙarfen da ke bayan jiki inda aka ɗaure wuya. A nan ake buga ƙasar da aka ƙera ta da lambarta. Rubuta sunan da lambar a intanet, ka ba abin minti goma. In ka samu hotunan irinta da bayanin masu ita, madalla. In ba ka samu ba, ci gaba da dubawa, ba laifi ba ne. Wasu sunayen na manyan shaguna ne kawai: Harley Benton, alal misali, sunan da shagon Thomann na Jamus ke sa wa jitocin da ake ƙera masa a Asiya ne. Don haka in an ce maka “ta Jamus ce”, wataƙila daga Jamus aka lodo ta, ba can aka yi ta ba.

Abin da ya fi damuna da sunan da ba a sani ba shi ne sanannen suna a kan jitar da ba tasa ba. Akwai jabun Gibson da Fender da yawa a kasuwa. Alama ɗaya mai sauƙi: murfin da ke kan jitar Gibson ta ainihi, wanda ke rufe notin da ake miƙe wuya da shi, sukuru biyu ne ke riƙe da shi, jabu kuwa galibi uku ne. Ni na fi son jita mai baƙon suna da ta fito a matsayinta a kan mai sunan aro, domin wanda ya yi ƙarya a suna ba ka san inda ƙaryarsa ta tsaya ba.

In ka ga an kankare lambar jitar, ka tsaya. Ana sace kayan kiɗa daga coci-coci da ɗakunan ɗaukar waƙa da motocin makaɗa, kuma wanda aka kama da kaya a hannu shi ke kwana a ofishin 'yan sanda.

2. Ka dube ta da ido kafin ka taɓa tsirkiya

Fitar da ita waje inda akwai haske. Ƙujewar fenti da ɗan tabo ba komai ba ne, hasali ma hujjar ragi ce a gare ka. Tsagewa kake nema. Haska tocila a bayan wuya, daidai inda wuya ya haɗu da kai. Jitoci masu siffar Les Paul ta Gibson, waɗanda kansu ya kwanta baya, a nan suke karyewa in sun faɗi. In ka ga layi siriri, ko fentin wurin ya bambanta da sauran, to an taɓa liƙe ta. Liƙi mai kyau yana iya riƙewa shekaru, amma kai da kake farawa ba ka da hanyar sanin mai kyau ne ko na gaggawa, kuma farashin ya kamata ya faɗi warwas.

Duba inda wuya ya shiga jiki. A jitar da aka ɗaure wuyanta da sukuru huɗu, sau da yawa za ka ga 'yar tsaga a fenti a gefen wurin. Yawanci fenti ne kawai. Riƙe jikin da hannu ɗaya, ka ɗan girgiza wuyan da ɗayan. In ya motsa ko ya yi ƙara, ka gwada ɗaure sukurorin. In suna juyawa ba sa kamawa, ramukan sun cinye, gyara ne da kafinta zai iya, amma a cire kuɗinsa. Jitar da aka manne wuyanta da gam kuwa, tsaga a wannan wurin babbar magana ce.

Ka nemi ƙananan ramuka da garin katako, alamar ƙwaro ya shiga. Ka shinshina ramin baya ko jakarta, warin fumfuna yana nufin ta sha ruwa ko ta daɗe a cikin laima. Kayan da suka zo ta jirgin ruwa suka kwana a sito a Legas sukan yi tsatsa. Tsatsar sama a kan sukuru ba ta da illa. Wadda ta cinye ƙananan sukurorin birij, wato jakin da tsirkiyoyi ke hawa a kan jikin jitar, har ba sa juyawa, ita ce matsala, don da su ake saita jitar.

3. Wuya

A nan za ka ɓata mafi yawan lokacinka, kuma kada ka ji kunyar mai shago. Da farko saita tsirkiyoyin shida su kai sautinsu, E A D G B E daga mai kauri zuwa siririya. Dole ne a yi wannan kafin awo, domin tsirkiyoyi suna jan wuya da ƙarfi, kuma wuyan da ya yi kyau a sake yana iya lanƙwashewa in an ɗaure. In tsirkiyoyin sun tsinke ko babu su, ka ce a sa naka sababbi. In ba a yarda ba, ba a yi gwaji ba ke nan.

Ɗora gindin jitar a ƙasa ko a kan takalminka, ka kawo kanta kusa da idonka, ka leƙa tsawon wuyan. Ka duba gefen tsirkiya mai kauri, sannan gefen siririya. Ƙarafunan da ke gicciye a wuyan, waɗanda makaɗa ke kira firet, ya kamata su jeru a kwance ɗaya bayan ɗaya. In gefe ɗaya ya lotsa ɗayan kuma ya taso, ko ka ga firet na sama sun karkata dama na ƙasa sun karkata hagu, wuyan ya murɗe. Ajiye jitar, ka gode wa mai ita, ka duba wata. Komai arahar ta, kada ka saya.

In ba ta murɗe ba, auna lanƙwasarta. Danne tsirkiya mai kauri a firet na 1 da kafo, ka danne ta a firet na ƙarshe da yatsa. Yanzu tsirkiyar ta zama miƙaƙƙen ma'auni. Duba tazarar da ke tsakaninta da saman firet na 7 ko na 8. Ana son 'yar tazara kaɗan, kamar milimita 0.25, wato kaurin siririyar tsirkiya mai lamba 10, ko ɗan kati na takarda mai kauri. In katin ATM ya shige wurin a sake, lanƙwasar ta yi yawa. In tsirkiyar ta kwanta a kan firet ɗin babu tazara ko kaɗan, wuyan ya miƙe da yawa ko ya banƙare baya. Duka biyun ana gyara su cikin minti kaɗan, da sharaɗin ƙarfen cikin wuyan yana aiki.

Wannan ƙarfen sanda ce da ke kwance a cikin katakon wuya daga kai zuwa gindi, tana da noti a gefe ɗaya, galibi a wajen kai, wani lokaci a ƙarƙashin ɗan murfi. In aka juya notin dama, wuya ya miƙe. In aka juya hagu, ya saki. Nemi izini tukuna: “Maigida, zan ɗan taɓa notin wuyan nan kaɗan, in mayar da shi yadda yake.” Sa alankin da ya zauna cif, kada ka yi amfani da wanda ke rawa a ciki, don zai cinye bakin notin. Fara da juyawa hagu, kashi ɗaya cikin takwas na zagaye, sannan ka mayar. Ya kamata ka ji yana juyawa da ɗan nauyi. In ya ƙi motsi sam, kada ka tilasta, mutane da yawa sun karya sandar a nan suka biya kuɗin jitar da ba su yi niyyar saye ba. In yana juyawa sakaka babu nauyi kuma wuyan bai canja ba, sandar ta riga ta karye ko zaren ya cinye. In kuwa an ɗaure shi ƙarshe amma har yanzu wuyan na lanƙwashe, babu sauran wurin gyara. Waɗannan ukun duk dalilin barin jita ne.

Wasu jitocin notinsu yana gindin wuya, sai an kwance wuyan ake kai gare shi. In haka ne kuma awon lanƙwasa ya yi daidai, kana iya haƙura. In awon bai yi ba, sai dai a kwance a gabanka.

Dalilin da ya sa nake nanata wannan ƙarfe shi ne yanayinmu. Jitar da ta zauna a laimar Legas ko Kwatano, aka kawo ta Kano ko Damagaram ko Agadas a cikin hunturu, katakonta zai bushe ya motsa. Damina ta zo ya sake motsawa. Kusan kowace shekara sai ka taɓa notin nan sau ɗaya ko biyu, don haka jitar da ƙarfenta ya mutu ba za ta yi maka shekara tana daidai ba.

4. Firet da tsayin tsirkiya

Ɗan ja tsirkiyoyin gefe ka duba firet biyar na farko, nan ne aka fi dannawa. In ka ga 'yan ramuka inda tsirkiya ta ci ƙarfen, ka sa farce ka ji zurfinsu. Marasa zurfi ana iya goge su a daidaita. Masu zurfi suna buƙatar a cire firet a sa sababbi, aikin da masu iya shi ba su da yawa a Arewa, kuma kuɗinsa yana iya kamo kuɗin jitar.

Ɗora gefen katin ATM a kan firet uku a jere, ka gwada ko zai yi rawa. In ya yi ƙwas-ƙwas, na tsakiyan ya fi sauran tsayi. A ƙasan wuya inda firet suka matsu, yi amfani da gajeren gefen katin. Ɗaya ko biyu masu tsayi ba abin tashin hankali ba ne, sau da yawa tasowa suka yi daga mazauninsu, a buga su su koma. In kusan duk wuyan haka yake, aikin masana'antar ne bai yi kyau ba.

Shafa hannunka a gefen wuyan a hankali. In bakin firet yana kartar fata, katakon ne ya bushe ya tsuke ya bar ƙarfen a waje. Wannan ya zama ruwan dare a hunturu, kuma ƙaramar zarto ta goge ƙarfe tana maganinsa.

Sai tsayin tsirkiya. A firet na 12, ba tare da ka danne komai ba, tazarar siririyar tsirkiya daga saman firet ta kasance wajen milimita 1.6, mai kauri kuma wajen milimita 2. Katin ATM kaurinsa milimita 0.76 ne, don haka biyu a haɗe su shige ƙarƙashin siririya suna ɗan taɓa ta, uku kuma su ɗan ɗaga mai kauri. In tsirkiyoyin sun yi sama sosai, duba birij. In akwai sauran wurin sauke shi, gyara ne na minti biyar. In an riga an sauke shi ƙasa ƙarshe amma tsirkiya na sama, kusurwar wuyan ce ba daidai ba. A jita mai wuyan sukuru ana kwance wuyan a sa ɗan siririn kati a ƙarƙashin gindinsa, shi ke nan. A mai wuyan gam babu wannan dabarar.

Yanzu kaɗa kowace tsirkiya a kowane firet, daga na 1 har na ƙarshe. Yana da gajiyarwa, amma jita mai firet 22 sauti 132 ne kawai, ba zai ci maka minti biyar ba. Kana sauraron wurin da sauti ke zizar ko ya mutu nan take. Wani mai sayarwa yakan ɗaga tsirkiya sama da gangan don ya ɓoye wannan zizar, shi ya sa awon tsayi ya zo kafin wannan.

5. Ko tana riƙe sauti, ko kuma sautin daidai ne

Juya kowane kunne na ɗaure tsirkiya. Ya juya sumul, ba tare da wani wuri da yake yawo a banza ba. Kunnuwa suna da arahar canjawa, kada su hana ka saye. Duba ɗan farin abin nan mai tsaga shida da ke tsakanin kai da wuya: kada ya kasance a fashe, kuma in kana ɗaure tsirkiya kana jin “ƙis”, tana maƙalewa a tsagar. Ɗan garin bakin fensir a ciki yakan warware wannan.

Gwajin da mutane suka fi tsallakewa shi ne na firet na 12. Kaɗa tsirkiya a sake ka saita ta da manhaja, sannan ka danne ta a firet na 12 ka kaɗa. Harafi ɗaya ya kamata manhajar ta nuna, allurar na tsakiya. In ta haura, ana ja da mazaunin tsirkiyar da ke kan birij baya. In ta gaza, a turo shi gaba. Abin dubawa shi ne ko akwai sauran wurin matsawa. Don tabbatarwa, auna daga farin abin nan zuwa tsakiyar firet na 12. A jita mai tsarin Fender za ka samu milimita 324, a mai tsarin Gibson wajen 314. Ninka biyu, ka auna zuwa inda siririyar tsirkiya ta hau birij, ya kamata ya zo daidai ko ya ɗara da milimita ɗaya ko biyu. Jitoci marasa inganci wani lokaci ana dasa musu birij a inda bai dace ba, irin wannan kuwa ko wa ya kaɗa ta sautinta ba zai taɓa haɗuwa da na fiyano ba.

In jitar tana da birij mai lilo irin na Floyd Rose, mai kulle tsirkiya da sukuru a kai da gindi, shawarata ga mai koyo ita ce ya bar ta. Na asali ma saita shi aiki ne, na kwaikwayo mai arha kuwa ƙarfensa yana cinyewa, kuma samun kayan gyaransa a nan wahala ne.

6. Sai a jona wuta

Jona wayarka, buɗe murya duka. Ɗauki sukuddireba ka ɗan ƙwanƙwasa ƙarafunan kowane fikof, wato maganaɗisun da ke ƙarƙashin tsirkiya masu ɗaukar sauti, kana matsar da makunnin zaɓi daga wuri zuwa wuri. Wanda aka zaɓa zai yi “ɗum” a amfilifaya. Ta haka za ka san kowanne na da rai kuma makunnin na aiki. Murɗa kowane maɓalli daga farko zuwa ƙarshe. Ƙarar ƙarƙar ƙura ce ko tsatsa, ruwan fesawa na wanke kayan lantarki yana kawar da ita, in ya ƙi a canja maɓallin. Girgiza kan wayar a soket ɗin jitar, in sauti na yankewa, soket ne ya saki ko dalmarsa ta balle. Duk waɗannan ƙananan gyare-gyare ne.

In kana da mita, sa ta a awon 20k, ka bar waya a jikin jitar, ka ɗora tsinke ɗaya a kan tsinin ɗaya kan wayar, ɗayan kuma a jikin ƙarfen kan, murya a buɗe duka. Fikof siriri mai layi ɗaya yakan nuna tsakanin 5 zuwa 7, mai faɗi mai layi biyu daga 7 zuwa 16. In mita ba ta nuna komai ba, ko waya ta tsinke a hanya ko naɗin cikin fikof ɗin ya mutu. In jitar na da ramin batir mai bolt 9 a baya, wannan awon ba ya aiki a kanta, kuma ka tuna za ka riƙa sayen batir.

Game da ƙugi: fikof mai layi ɗaya dama yana ɗan ƙugi, haka aka yi shi, kuma yana ƙaruwa kusa da janareta, da cajar waya, da dogon ƙwan lantarki. Ɗora hannunka a kan tsirkiya. In ƙugin ya ragu, lafiya lau. In bai canja ba, wayar da ta haɗa birij da sauran kayan ta tsinke. In ya ƙaru, an juya wayoyin soket. In kuma ka ji wuta ta ɗan ja ka a tsirkiya, cire hannunka a kashe amfilifaya nan take. Jitar ba ta da wutar da za ta ja mutum, laifin amfilifaya ne ko wayarin ginin da ba shi da wayar ƙasa, kuma abin yana kisa. In za a haɗa maka da amfilifaya na hannu, duba bayansa: na Amurka wutar 120 yake sha, tamu kuwa 220 zuwa 240 ce, in ka jona kai tsaye ya ƙone.

In mai ita ya yarda, buɗe murfin baya ka haska. Za ka ga ko an taɓa yi wa wayoyin aikin ganganci, za ka kuma ga katakon ba fenti. In ka ga layi-layi a jere, falawud ne. Ba haramun ba ne, akwai masu daɗin sauti, amma sukuru ba ya daɗewa a cikinsa, kuma bai kamata a sayar maka da shi a kuɗin katako sak ba.

7. Ka yi tunanin kayan gyara

Wannan ne ainihin haɗarin baƙon suna. Jitar da aka kwaikwayi siffar Stratocaster ko Telecaster na Fender, ko Les Paul, yawancin kayan da ke kasuwa za su shige ta ko da ɗan gyara. Mai siffa ta daban, da fikof mai wani irin girma da birij da ba ka taɓa gani ba, irin tsofaffin jitocin Japan na shekarun 1960, ranar da wani abu ya lalace sai dai ka rataye ta. A matsayin jitarka ta farko, ɗauki mai siffar da kowa ya sani.

Ka rataya ta a kafaɗa ka tsaya na ɗan lokaci. Mai siffar Stratocaster takan kai kilo uku da rabi, mai siffar Les Paul ta haura huɗu. Wanda zai tsaya awa uku a wurin biki ko a coci zai san bambancin.

8. Ciniki

Kafin ka je, ka san nawa ake sayar da sanannun jitoci masu sauƙin kuɗi irin Squier ko Epiphone ko Yamaha Pacifica na hannu a garinku a wannan watan. Shi ne ma'auninka. Baƙon suna ya kamata ya zo ƙasa da wannan sosai, don ranar da za ka sayar, mai saye zai yi maka irin tambayoyin da kake yi yau. Lissafa abin da ka gano da babbar murya, ba da faɗa ba: tsirkiya sabuwa, soket, maɓalli ɗaya, kuɗin mai saitawa. Cire jimlar daga abin da aka sa, ka taya daga nan. In an ce albarka, ka ƙara kaɗan ko ka yi sallama ka kama hanya, sau da yawa kafin ka kai bakin layi an kira ka. In da dillali a tsakani, a yi maganar la'adarsa tun farko a san wanda zai biya. Ka nemi a haɗa maka da jaka.

A rubuta rasit da sunan jitar da lambarta da kwanan wata da lambar wayar mai sayarwa. In daga hannun mutum ne ba shago ba, ku yi 'yar takarda da shaida ɗaya. Ka roƙi kwana biyu ko uku na gwaji, wasu sukan yarda.

In a Jiji ko Facebook ka gan ta, ba a cinikin biri a sama. Kada ka tura ko sisi kafin ka riƙe ta, ku haɗu a wurin jama'a da rana. In garin ya yi nisa, nemi wanda ka yarda da shi a can ya je ya bi waɗannan matakan, ko a kira ka ta bidiyo a nuna maka leƙen wuya, da juya notin, da kaɗa kowane firet. In za a sa ta a motar haya, a ɗan sassauta tsirkiyoyin, a cusa tsumma a kewayen kai, kuma kada a ɗora mata buhu.

9. Bayan ka kai ta gida

Kada ka yi saurin saita ta, musamman in daga kudu ta zo. Bar ta kamar mako biyu a ɗaki, nesa da taga da rana, katakon ya saba da iskar garin. Sannan ka cire tsofaffin tsirkiyoyi, ka goge wuyan da tsumma busasshe, ka sa sababbi. Saiti yana da tsari, in ka birkita shi za ka yi ta maimaita aiki: lanƙwasar wuya da farko, kwata ɗin zagaye a rana ba fiye ba, sai tsayin tsirkiya a birij, sai gwajin firet na 12 a ƙarshe. Kada ka bar ta a but ɗin mota da rana ko jingine da bango a tsakar gida. Ka sake auna lanƙwasar wuyan in hunturu ya kama, ka kuma sake aunawa bayan ruwan farko na damina.